Gemun Auduga da Rawanin Zanen Gado

A makarantarmu hanya biyu ce yarinya take yin suna. Ko dai a riƙa kiranta a gaban asambuli duk ƙarshen zango saboda ta zo ta ɗaya, ko kuma ta hau dandamali daren Asabar ta sa 'yan mata dariya har su riƙe ciki. Ta farkon malamai ne suke tunawa da ita. Ta biyun kuwa, ko yau tsofaffin ɗalibai suka haɗu a gidan biki ko suna, ita ake fara cigiya: "Wai ina Alƙali? Kwana biyu kin ji labarin Hayatu?" Sunayen da iyayensu suka raɗa musu sai an yi dogon tunani kafin a tuno.

Makarantar ɗaya ce daga cikin kwalejojin 'yan mata na Gwamnatin Tarayya, irin waɗanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shiga buɗewa daga 1973, bayan yaƙin basasa, don yaran ƙasar nan su tashi tare su san juna. Akwai Queen's College ta Legas tun 1927, amma ina Legas ina 'yar Malumfashi? Sannu a hankali sai ga irin waɗannan makarantu a Bauchi da Bida da Bakori da Kazaure da Gusau da Potiskum da Yola. Shiga ba a banza ba. Sai yarinya ta ci jarrabawar kwaman entarans ta ƙasa, ta je intabiyu, sannan a duba kason jiharsu, don kowace jiha tana da nata gurbin. Lokacin da na shiga a 1983 jihohi 19 ne a Nijeriya, kuma da wuya ki leƙa ɗakin kwana ba ki ji harsuna biyar ko shida ba. Muna cikin rukunan farko na tsarin 6-3-3-4. A garinmu har gida aka riƙa zuwa yi wa mahaifiyata barka, sai ka ce haihuwa ta yi.

Sai dai da alƙalami aka zaɓo mu, shi kuwa alƙalami ba ruwansa da murya. Da yawa daga cikinmu 'yan Arewa mun iya lissafi, mun iya insha'i, amma malami ya yi tambaya sai mu sunkuyar da kai muna wasa da gefen ɗankwali, alhali amsar tana bakinmu. Haka aka rene mu: yarinya ba ta ɗaga murya, ba ta haɗa ido da babba, ba ta tsoma baki in manya suna magana. Tarbiyya ce mai kyau, har gobe ina alfahari da ita. Amma a aji sai ta zame mana dabaibayi. Wata daga Onitsha ko Ibadan za ta ɗaga hannu ta faɗi rabin abin da muka sani, a tafa mata, mu muna zaune muna haɗiyar yawu. Abin da ya kwance mana wannan dabaibayi ba aji ba ne. Dandamali ne.

Tun makon farko ake farawa. Akwai daren da ake ware wa sababbin zuwa. Siniyoyi su baje a kan benci, a riƙa kiran yara jiha-jiha, kowa ta nuna wasan garinsu. 'Yan Binuwai suka yi rawar suwange ta Tibi, jikinsu yana lanƙwasa kamar ba ƙashi. 'Yan Anambara suka yi atilogu da tsalle-tsallenta. Da aka zo kanmu sai muka tsaya cirko-cirko, kowa tana ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Wata siniya 'yar Zariya ta miƙe ta ce, "Haba ƙannena, ku ba ku da dandali ne a garinku? Kada ku ba mu kunya mana." Ita ta fara tafin. Wata 'yar ƙarama daga Daura ta ɗauki waƙa da muryar da ko na kusa da ita bai ji sosai, muka amsa, muka ja da'ira. Can sai ga ta ta shiga tsakiya, ta juyo da baya ta saki jiki ta faɗo hannuwanmu, muka cafe muka cilla ta sama ta dira a kan ƙafafunta. Zauren ya ɗauki ihu. 'Yan kudu suka taso suna roƙon a cilla su su ma. Daren nan muka gane cewa gaɗar da muke yi a ƙofar gida da farin wata abin nunawa ce a gaban kowa.

Daren Asabar shi ne daren nishaɗi. Ba mu da wani zaure na musamman; ɗakin cin abinci ne ake ture tebura, a haɗa wasu a ɗaure ƙafafunsu da igiya su zama dandamali. Labule kuwa zannuwan gado ne da aka ɗinke, aka zura a waya, yara biyu suna ja. In NEPA ta ɗauke wuta, abin da ba ya wuya, sai a kunna fitilun tilli a jera a gaba, ƙwari suna ta kewaya su, wasa ya ci gaba. Bokiti a kife shi ne ganga. Ƙwarya a kife a cikin baho mai ruwa ita ce kiɗan ruwa, da ita muke kwaikwayon amada irin ta Barmani Coge ta Funtuwa, wadda a lokacin babu gidan bikin da ba a jin kasetinta. Makirfo ɗaya ne a makarantar, na firinsifal ne, ba a taɓa shi sai ranar taro.

Rashin makirfon nan ya yi mana rana. Malamar da take kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara koyar da fannin a tsakiyar shekarun 1970. Takan ba mu labarin gidan wasan da aka gina musu da jar ƙasa, ginin Hausa sak, da yadda ɗalibai suke ɗaukar wasa su kai ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, sannan su mai da ita wasa a yi a gaban masu ita. Da yamma takan kwashe mu zuwa filin ƙwallo, ta tsai da yarinya a wannan raga, ita ta tafi waccan ta zauna. "To, gaya mini sunanki da na garinku." Yarinya ta faɗa. "Ban ji ba!" Ta sake. "Ihu na ce ki yi? Magana na ce. Daga ciki za ki ɗauko ta, ba daga maƙogwaro ba." Sai ta sa mu dafa ciki mu ja numfashi har mu ji hannu ya ɗaga. Dokokinta ba su da yawa: kada ki ba 'yan kallo ƙeya, kada ki yi magana ana dariya, ki jira ta lafa, kuma in kin manta abin faɗa kada ki tsaya kina zare ido, ki faɗi abin da mutumin da kike kwaikwayo zai faɗa.

To, ga inda gizo yake saƙar. Makarantar mata ce zalla, wasanni kuwa cike suke da maza. Sarki da waziri, alƙali da muhuti, miji da uba da maroƙi da ɗan sanda, duk mu ne. Ranar wasa tun la'asar ake zaman shiri a bayan ɗakin ajiya. Wadda za ta fito a namiji sai an yi mata kitso ƙanana-ƙanana don hula ta zauna. A samo auduga, ko a farke tsohon matashi a ciro ta rimi, a jiƙa ƙaro ya yi danƙo, a shafa a haɓa a manna ta kaɗan-kaɗan, ana yi ana fifita da murfin littafi don ta kama. In gemun dattijo ne a bar shi fari, in na magidanci ne a shafa masa baƙin tukunya. Gashin baki da gawayi ake zana shi. Toka ita ce furfura. Alhaji mai kuɗi sai an ɗaura masa filo a ciki. Babbar riga kuwa wurin Baba maigadi muke arowa, shi ma da sharaɗi: a wanke, a sa sitaci, a ninke yadda aka karɓa.

Naɗin rawani ya gagare mu sai da wani tsohon masinjan ofis ya shigo cikin maganar. Zanen gado fari yake murɗawa ya naɗa wa yarinya, ya sako amawali ya rufe mata baki, ya ja da baya ya duba. Wata rana muka roƙe shi ya fitar wa mai fitowa a attajiri kunne biyu don ya fi kyau. Ya girgiza kai ya ce, "A'a 'ya'yana. Wannan na sarki ne da jinin sarauta. Ko a wasa ba a yi." Muka koyi abin da babu shi a littafin tarihi.

Tufafi kaɗai ba su mai da mace namiji, sai an iya tafiyar da zaman. Don haka malama ta ba mu aikin hutu: kowa ta je gida ta sa ido. Muka koma muna leƙen zaure ta bayan asabari. Muka lura da yadda magidanci yake gyaran murya kafin ya shigo gida, da yadda yake saɓa hannun riga a kafaɗa in magana ta yi zafi, da yadda mai mota yake kaɗa makulli a yatsa don a san da ita ya zo, da yadda malam yake jan carbi yana sauraro ba tare da ya dubi mai magana ba. Muka lura da yadda "Ke!" ɗaya take tsai da duk motsin tsakar gida. Da muka dawo kowa ta zo da nata guzurin. Wata 'yar Gusau, siririya, wadda ko a ɗakin kwana ba a cika jin bakinta ba, ta tashi ta yi tafiyar mijin yayarta in ya dawo da tsakar dare yana neman abin da zai yi faɗa a kai. Malama ta ce, "Mun sami Hayatu."

Hayatu shi ne mijin nan na Uwar Gulma, wasan Alhaji Muhammadu Sada, mai gallaza wa matarsa Halima. Daren da aka yi wasan, 'yar Gusau ta shigo tana tangaɗi, hula a karkace, ta daka tsawa. Zauren ya yi tsit, sannan aka shiga yi mata eho ana tsinuwa. Washegari a layin karɓar koko yara 'yan aji ɗaya suna kauce mata. Sunan ya bi ta har muka gama.

Na daɗe ina tunanin abin da wannan shigar maza ta yi mana. Yarinyar da ta taɓa sa babbar riga, ta yi gyaran murya, ta ga zaure guda ya yi shiru saboda ita, ta gano wani sirri: kwarjini ba duka ne ake haihuwar mutum da shi ba, akwai wanda ake koya. Tsayuwa ce, da numfashi, da sanin lokacin da za a yi shiru. Daga ranar, tsoron da ba shi da dalili yana raguwa. Amma akwai ɗaya gefen. Wadda ta fito a uba, aka kawo mata ƙarar 'ya da suruki, kowa ya zuba mata ido yana jiran hukunci, ta ɗanɗana nauyin da iyayenmu maza suke ɗauke da shi ba su faɗa. Ba raini muka koyo ba. Tsoro ne ya ragu, tausayi ya ƙaru.

Littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya su ne jarinmu. Mun yi Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, labarin attajirin da ya auro mace mai wayon tsiya ta kai shi ta baro. Mun yi Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano. Wanda ya fi shiga jikinmu shi ne Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979, don labarinmu ne: mai kuɗi yana hure wa 'yar makaranta kunne da kyauta da mota har ya ɓata mata rayuwa. Wa'azin da matiron ta shekara tana yi mana a kan masu fakin a bakin ƙofa ranar ziyara, wasan nan ya gama shi a dare ɗaya. Mun kuma taɓa Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare, inda budurwa take yin shigar maza don ta ɓad da kama. A zamanin marubucin, a Ingila, samari ne suke fitowa a mata. Mu kuwa duk mazan wasan mata ne, sai ya zama sai an yi da gaske kafin 'yan kallo su bambance namijin gaske da na ƙarya, tunda duk kitso ne a ƙarƙashin hula.

Na Turanci ma ba a bar mu a baya ba. Shekarar 1986, da Wole Soyinka ya ci kyautar Nobel, ɗokin abin ya sa muka ɗauko The Lion and the Jewel. Malama da gangan take hautsina rabon matsayi. Lakunle, malamin makarantar nan mai dogon Turanci da ya ƙi biyan sadaki, 'yar Sakkwato aka ba. Baroka, tsohon basaraken mai wayo, wata 'yar Kalaba ce. A wasan Hausa kuma sai ta ɗauko Bayarabiya ta ba ta dillaliya, ta haɗa ta da Bakanuwa ta koya mata yadda ake sallama a shiga gida da ƙunshin atamfa da ƙunshin gulma. Mun karanta Wedlock of the Gods na Zulu Sofola da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland ta Gana, muka yi mamakin ashe mata ma suna rubuta wasa a buga. Haɗin kan da gwamnati take ta faɗa a jawabi, a wurin gwajin wasa muka gan shi da ido. Wadda kika kwana uku kina koya wa furta "ƙwarya" tana koya miki taka rawar bata, ba za a zo daga baya a ce miki ita dodo ce ki yarda ba.

Ba daga sama muka tsinci abin ba. Kowace Bahaushiya a cikinmu ta yi tashe da azumi, ta yi Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya take shigar miji ɗaya ta mata, ana bi gida-gida ana koya wa amarya zaman aure cikin raha. Mun tashi muna jin Zaman Duniya Iyawa Ne a Rediyon Kaduna. In mun je hutu, gidan da yake da talabijin cika yake yi da yara ranar da za a nuna Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ko Ƙarƙuzu na Bodara daga Jos, ko wasannin Ƙasimu Yero. Malamin Hausa kuma ya gaya mana cewa Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a shekarar da muka shiga makaranta, tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni, da ya zama malami a Bauchi ma da wasa yake jan kunnen masu zalunci. Wannan ya ba mu hujja. In dai Malam ya yi, ai ba shashanci ba ne.

Babban abin da ake jira a shekara shi ne gasa tsakanin gidajen kwana, kuma ƙa'ida ita ce kowane gida ya ƙirƙiri nasa wasan. Shekarar da muke aji huɗu muka dawo daga dogon hutu muka tarar da gado ɗaya ba kowa. Mai shi tana cikin masu ƙoƙarin ajinmu. Akwatinta na ƙarfe yana nan a ɗakin ajiya da sunanta a rubuce da farin fenti. Bayan 'yan makonni labari ya iso cewa an ɗaura mata aure. Ba mu da wanda za mu kai wa ƙara, sai muka kai wa dandamali. Ba mu rubuta komai ba da farko. Irin yadda malama ta koya mana, kowa ta faɗi abin da ta sani ya faru a danginsu, muka riƙa gwadawa muna gyarawa har labari ya tsaya da ƙafarsa.

Da muka zo kan hukunci sai muka cije. Wasu suka ce alƙali ya ɗaure uban. Malama ta ce mu je mu tambayi malamin addini. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yan mata, kada ku mai da uba abin dariya. Shari'a ta ba shi matsayi a kan auren 'yarsa. Amma ta kuma ce a nemi izinin budurwa, shirunta kuma shi ake ɗauka yarda." Muka dubi juna. Ashe duk wasan a nan yake. Shirun kunya da shirun tsoro kamanninsu ɗaya a ido, wa zai bambance su in yarinya ba ta iya buɗe baki ba?

Haka muka gina fitowa ta ƙarshe. Alƙali yana zaune a kan buzu, gemu fari fat, uba a dama, mai neman aure a hagu da tumbinsa na filo, yarinya a durƙushe ta rufe fuska da mayafi. Alƙali ya tambaye ta ko ta yarda. Shiru. Mai neman aure ya washe baki ya ce ai an gama. Alƙali ya ɗaga hannu, ya sake tambaya. Shiru. Mun shirya cewa sai a tambaya ta uku za ta yi magana, malama kuma ta ce a ja shirun har sai ya dami mutane. Ya kuwa dame su. Matan da suke dafa mana abinci sun saba tsayawa a tagogi suna kallo. Cikin shirun nan sai muka ji ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa, ta ɗaga murya daga waje: "Faɗi mana, 'yar nan! Buɗe baki ki faɗa, kada ki yi irin tawa!" Babu wanda ya yi dariya. Yarinyar ta yaye mayafi ta ce tana girmama mahaifinta, amma tana roƙon a bar ta ta gama karatu. Alƙali ya yi sulhu a kan haka, uba ya amince ba tare da an zubar masa da girma ba. Gidanmu ne ya ɗauki kofi a shekarar, ita kuma mai gemun har yau Alƙali muke kiranta.

A gida ba kowa ne ya yi na'am ba. Wani hutu ƙanena ya tona cewa na fito a maroƙi. Kawuna ya dubi mahaifina ya ce, "Yaya, yanzu kuɗin makaranta kake biya a koya mata roƙo da shigar maza?" Baba bai ce komai ba, ya miƙa masa takardar sakamakona. Kakata ce ta karɓe zancen daga bakin ƙofar ɗakinta: "Kai tafi can! Mu da muka yi tashe muka yi gaɗa har gari ya waye, wa ka ga ya lalace? Ke kishiya, zo nan ki gwada mini tafiyar kawun naki." Na noƙe. Sai da ya fita na yi mata, ta yi dariya har da hawaye. Duk da haka damuwar kawu ba ta banza ba ce, kuma makaranta ta san da ita. Wasanninmu a cikin shinge ake yin su, 'yan kallo mata ne. Wanda za a nuna wa iyaye ranar ba da kyaututtuka sai firinsifal ta gani ta tace. Wadda iyayenta suka hana, ko ita da kanta ba ta so, ba a tilasta mata. Irinsu ne suke riƙe takarda a bayan labule suna tuni, su ne masu ɗinki da kwalliya da tsara zance. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ma tana yin nata wasannin na faɗakarwa, 'yan'uwanmu Kirista suna da ƙungiyar mawaƙansu. Kowa da inda take baje basirarta.

Yanzu in na tambayi 'ya'yan ƙannena da suke makarantun kwana me ake yi daren Asabar, sai su ce karatu, ko barci. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wasan Hausa ya koma kaset, ya zama sana'a, ya zo da nasa alherin da nasa surutun, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Iyaye da yawa suka daina bambance wasan makaranta da harkar fim, in an ce yarinya tana wasan kwaikwayo sai gabansu ya faɗi. Ga tseren jarrabawa, wanda ya cinye Asabar da Lahadi da lasin. Sannan ga babban tashin hankali. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, wane shugaban makaranta ne zai tara 'yan mata a zaure ɗaya da dare ana kiɗa hankalinsa a kwance? Ban ga laifin kowa ba. Amma yaran ba su daina son kwaikwayo ba. Suna yi a waya in sun zo hutu, su kaɗai a ɗaki, babu malamar da za ta ce "Ban ji ba," babu malamin da zai ce kada a mai da uba abin dariya.

'Yan ƙungiyarmu ba wadda ta zama 'yar fim, ko da ta zama ma ba aibu ba ne. Akwai likitoci, akwai lauyoyi, akwai malaman jami'a da shugabannin makarantu, akwai waɗanda suka zauna a gida suka reni 'ya'ya. Abin da ya haɗa su shi ne in taro ya ruɗe, ko na aiki ko na dangi, su ne suke miƙewa su yi magana a ji, cikin ladabi, murya ba ta rawa. Jarrabawa ce ta kai mu makarantar, amma da yawanmu da mun fito da takarda mai kyau da baki a ɗinke.

Don haka kirana ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai ne. Mun iya tara kuɗi mu haƙa rijiyar burtsatse, mu yi fenti, mu ɗinka ankon taro, duk madalla. Mu ƙara da wannan: kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin malama ɗaya da ta san wasan kwaikwayo, ta sayi littattafan nan ta zuba a laburare, ta sa kofi a yi gasa tsakanin gidaje sau ɗaya a shekara. In dare ya gagara saboda tsaro, yammacin Asabar ma ya isa. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta ce an ba ta matsayi a wasan makaranta, ku tambaye ta labarin wasan kafin ku ce a'a. Wata rana za a tambaye ta abin da ya shafi rayuwarta ba kwa wurin, gara ta koyi amsawa tun yanzu.